Yadda Na Zama Direbar Babanku

Na san abin da Gwaggonku Hajjo ta daɗe tana gaya muku, wai a Dubai na ajiye kunya na shiga cikin maza ina wasan yara har aka ɗauke ni a waya. Na kuma san abin da babanku yake faɗa duk ranar sallah in an ci an ƙoshi, wai da sun ɗauko kofi, mamanku ce ta faɗi a kwanar ƙarshe. Duka biyun akwai ƙanshin gaskiya a ciki, amma ƙanshi ba ya cika ciki. Lokacin da abin ya faru duk ba kwa nan, wasu na makaranta, wasu na ɗakin aurensu, saboda haka bari in rubuta muku yadda aka yi tun idona yana ganin layi. Wanda ya ga na ƙara gishiri ya je ya tambayi Alhaji Ɗanlami, yana nan da ransa.

Babanku injiniya ne a wata masana'antar robobi a Dubai Investments Park, mu kuma muna zaune a wani ɗan fulat a hawa na huɗu, ba nisa da wurin aikin. Tun kafin mu je can yana da wata lalura da na kasa gano maganinta, wato kallon tseren mota. Ba irin wanda za a yi a gama mutum ya tashi ya kama harkar gabansa ba, a'a, irin na dogon zango, wanda ake kwana a wuni ana yi, direbobi uku suna karɓa-karɓa a mota ɗaya. Akwai wanda ake yi a Faransa sau ɗaya a shekara, awa ashirin da huɗu cur. Saboda shi babanku yake ɗaukar hutu. Mutumin da bai ɗauki hutu ba ranar da aka cire min haƙori. Zai dafa shayi ya cika fulas, ya ajiye dabino, ya ɗauko littafi da biro kamar mai zuwa ɗaukar karatu. In kwanta in bar shi, in tashi sallar asuba in same shi yadda na bar shi, ido ya yi ja.

"Injiniya, wa ya ci?"

"Ai tukuna, Ladi. Saura awa goma sha ɗaya."

"Mota ce fa take zagaye wuri ɗaya. Ko ɗan acaɓa in ya wuni yana zagaye yana dawowa da na cefane."

"Ba ki gane ba ne. Ba wanda ya fi gudu ake nema ba, wanda ya fi haƙuri ake nema."

"To ai ni ya kamata a ba kofin."

Haka muke, sau ɗaya a shekara, na saba. Abin bai zama bala'i ba sai a dubu biyu da sha tara, da likita ya ce jininsa ya hau, ya nemi abin da zai riƙa kwantar masa da hankali. Wani abokin aikinsa, wani dattijo ɗan Indiya da ake ce wa Mista Tomas, ya ɗauke shi wata ranar Asabar ya kai shi Ras Al Khor, unguwar garejoji da masu sayar da kayan gyaran mota. A can cikin wani sito wasu manyan mutane suke taruwa suna tseren 'yan ƙananan motoci, kowace ba ta fi tafin hannu ba. Titin yana da tsagi a tsakiyar kowane layi, motar tana da ɗan haƙori a ƙasa da yake shiga tsagin, wuta na bi ta nan. Kai kuma kana tsaye da rimot a hannu mai kama da bindiga, har da kunama. In ka matsa ta yi gudu, in ka saki ta rage. Ba sitiyari, ba komai. Duk ilimin yana yatsa ɗaya. In ka shiga kwana da gudu sai motar ta fice daga tsagi ta yi tsalle. Babanku ya dawo a ranar da kwali a ka, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Da farko ɗan zagaye ne a gefen falo, na ce ba komai, magani ne. Kafin wata biyu titin ya haihu ya yi jikoki. Ya bi ta ƙarƙashin teburin tsakiya, ya zagaya bayan talabijin, ya hau gada da aka yi da kwalayen madara, ya miƙe ɗoɗar ta bakin ƙofar kicin. Ni da gidana sai na duba dama da hagu kafin in tsallaka da tire. Wata rana na ajiye kwanon miyar kuka a ƙasa ina shimfiɗa ledar cin abinci, sai ga wata jar mota ta taso sama kamar fara, ta faɗa cikin miyar tsundum, ta fantsama min a fuska. Babanku ya taso a guje. Na ɗauka ni zai duba. Ya tsoma hannu cikin miya mai zafi ya ciro motarsa yana hura mata iska.

"Ba ta shiga injin ba, alhamdu lillahi."

"Ni ta shiga idona."

"Sannu. Ki wanke da ruwan sanyi. Ina tsohon buroshin nan?"

Na sa rai Alhaji Ɗanlami zai dawo da shi hanya. Alhaji Ɗanlami ɗan kasuwa ne, Bakano, yana da ofishin tura kaya a Port Saeed, mutum ne mai jiki da murya, duk Juma'a a gidanmu yake cin tuwo. Ranar da ya fara ganin titin ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce Injiniya tsufa ya zo da gardama. Babanku ya miƙa masa rimot. Alhaji ya naɗe hannun babbar riga, ya matse kunama har ƙarshe, ya kwatsa ihun mu-je irin na Larabawa, "Yalla!" Motar ta tashi ta bugi labule. Ya ce a sake. Ta bugi fanka. Ya ce a sake. Sallar magariba ce ta raba shi da rimot ɗin. Juma'ar da ta biyo baya ya zo da motocinsa uku a leda. Shi a duniya bai yarda akwai wani abu wai shi rage gudu ba, ya ce wanda ya saki kunama bai yi tawakkali ba. Sai na wayi gari da dattawa biyu masu furfura a gemu, durƙushe a kan kafet, suna goge tayoyi da salatif suna musu a kan wanda ya taɓa wa wani mota.

A haka wata baƙuwa daga Kano, da ta zo sayayya ta sauka a wurinmu kwana uku, ta gan su. Ta yi ta kallo tana jan carbi. Ashe carbin labari take haɗawa. Ba a yi mako ba Gwaggonku Hajjo ta kira ni.

"Ladi, an ce ƙanena ya koma rarrafe."

"Yaya, likita ne ya ce..."

"Likita ya ce ya yi rarrafe? Ke kina zaune kina kallo? Wannan ba haka kawai ba ne, hannu aka sa masa. Zan aiko da rubutu, ki zuba masa a kunu."

Na ji kunya ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. A daren na ce wa babanku kafin azumi ya kwashe min tarkacensa daga falo, ko su ko ni. Ya ce zai duba. Da babanku ya ce zai duba, kun san an gama magana.

Azumi bai zo ba sai da korona ta riga shi. Aka rufe gari, ba shiga ba fita. Ana cikin haka masana'antar ta rage ma'aikata, babanku yana cikin waɗanda aka sallama, bayan shekarun da ya yi yana tashi tun duhu saboda su. Ya karanta takardar a waya, ya ajiye, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Daga nan ya yi shiru. Abin da na daɗe ina roƙo na samu, falo ya yi tsit, ba ƙugin mota, ba "Yalla". Titin yana nan ƙura tana hawa, shi kuma yana baranda a kujerar roba daga safe har yamma, yana kallon rufin sito-sito. In na kai abinci ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi. In kun kira a waya ya gyara murya ya ce lafiya lau, in kun kashe ya koma yadda yake. Shekara talatin da wani abu ina tare da mutumin nan, ban taɓa jin tsoronsa ba sai a lokacin. Na yi addu'a, na yi nasiha, na yi faɗa, har rubutun Yaya Hajjo na zuba a kunun. Ya sha ya ce kunun yau yana ɗanɗanon tawada.

Wata rana bayan la'asar na tsaya a tsakiyar falo ina kallon titin nan da na tsana. Na sa tsumma na goge shi, na jona wuta, na ɗora jar motar da ta sha miyata, na ɗauki rimot na matsa. Ta tashi ta bugi bango. Bai waiwayo ba. Na sake, ta shige ƙarƙashin kujera. Na sa tsintsiya na zaƙulo ta. A karo na uku, tana faɗuwa, sai na ji murya daga baranda.

"Kafin kwana ake saki. Ba a cikin kwana ba."

"Ni na san wani kwana? Zo ka nuna min."

"Ki dai saki da wuri."

Bai taso ba a ranar. Washegari ya jawo kujerarsa bakin ƙofar baranda. Rana ta uku ya kasa daurewa, ya zo ya karɓe rimot ɗin yana cewa zan lalata masa mota. Kwanakin farko da gangan nake faɗuwa don ya sami abin gyarawa. Amma abu ya zo ya fi ƙarfina, domin yatsana ya gane karatun. Kun san shekarun da na yi a kan keken ɗinki. Duk wadda ta taɓa zagaya wuyan riga da keke ta san inda ake sassautawa da inda ake sakin ƙafa, bambancin kawai wannan da yatsa ake yi. Kafin mako biyu na fara wuce babanku. Ya ce motata ta fi tasa, muka yi musaya, na wuce shi. Ya ce rimot ne, muka yi musaya. Ya ce layina ya fi samun wuta, ya ɗauko na'urar awonsa ta aiki ya durƙusa yana aunawa kusan awa guda. Da ya ɗago na ce me na'ura ta ce, ya ce na'urar ma ta tsufa.

Ya dawo cin abinci, ya dawo magana, amma in dai ba maganar mota ba ce sai ya koma shiru, kuma dariya ko sau ɗaya ban ji ba. Bizarmu ta kusa ƙarewa, aiki bai samu ba, muka yanke shawarar komawa gida a farkon shekarar da ta biyo. Ana saura 'yan makonni mu taso, aka sassauta kulle, su Mista Tomas suka shirya tseren awa shida a siton nan, kowace ƙungiya mutum uku, kamar dai yadda ake yi a na manyan motoci. Babanku ya daɗe yana mafarkin irin wannan. Su biyu ne da Alhaji Ɗanlami, na ukunsu wani Basudane ne, shi kuma korona ta riga ta mayar da shi ƙasarsu. Alhaji ne ya fasa ƙwan a kan tuwo.

"Injiniya, kana neman direba a waje ga direba a gida? Wallahi Hajiya ta fi mu, ni da kai a haɗe."

"A haɗe dai ban sani ba," in ji babanku.

Kwana biyu bai tayar da maganar ba. A na uku ya zo kicin ya tsaya yana gyara murfin tukunyar da ba abin da ya same ta, ya ce in na ga da takura a bari. Na san abin da ke gabana. Na san kowa yana da waya a aljihu, na san Yaya Hajjo, na san bakin matan unguwarmu. Na kuma san mutumin nan zai koma Kano ba aiki, ya zauna a ƙofar gida ana yi masa jaje. Na ce a raina, in mutuncina bai iya sayo wa mijina wuni ɗaya na farin ciki ba, to ajiyar me nake yi masa? Na ce masa zan je, amma da sharaɗi ba zai yi min ihu a gaban mutane ba.

Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe aka fara. Na sa baƙar abaya da takunkumi, na gode wa Allah da korona ta rufe min rabin fuska. Titinsu na katako ne, ya cika sito, layi shida, kowane da launinsa. Akwai allo a sama da yake ƙirga zagaye, kuma layi yake ƙirgawa, duk motar da ta wuce a kan layinka kai aka rubuta wa. A kowace kwana akwai mai tsaro, aikinsa in mota ta fice ya ɗauka ya mayar da ita layinta. Alhaji Ɗanlami ne ya fara mana. Masu tsaron kwana sun ci wuya a hannunsa, wani Bature har sai da ya cire riga. Da ya sauka mu ne na ƙarshe, yana share gumi yana cewa titin ne a karkace. Babanku ya karɓa, ya yi ta tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, bai faɗi ba ko sau ɗaya, ya fitar da mu daga ƙarshe. Sai aka zo kaina. Na yi bisimilla, na ce a raina wuyan riga ne, Ladi. Zagaye goma na farko ban ga kowa ba sai motata. Can na lura siton ya yi shiru. Can kuma na ji wasu 'yan Filifin da ke kusa da ni suna cewa, "Yalla, Mama!" Ba su san su nake bi ba.

Haka muka yi ta karɓa-karɓa, mai hutu ya je ya yi salla ya ci abinci. Da aka shiga awa ta ƙarshe muna na uku, kuma na uku yana da kofi. 'Yan Filifin ɗin nan suna bayanmu kamar ƙuda da mangwaro, su a shuɗin layi, mu a rawaya, gefe da gefe. Ni ke riƙe da rimot, kuma bisa tsari babanku ne zai rufe. Ya zo ya tsaya kusa da ni, ya miƙo hannu. Ya ɗaga kai ya kalli allo. Ya kalli motar tana shiga kwana tana fita. Sai na ga hannun ya koma aljihu.

"Ci gaba."

"Injiniya, naka ne. Shekara nawa kana jira."

"Na ce ki ci gaba. Ki daina magana, kina ɓata lokaci."

Ya juya ya tafi kwanar ƙarshe, mai wuyar nan, ya ce wa mai tsaron ya huta, shi zai tsaya. Ina hango shi ta gefen ido, babban injiniya, ya sunkuya ya buɗe hannuwa kamar mai jiran kama kaza, yana gadin motar matarsa.

To ga inda nake so ku buɗe kunne. Gaskiya ne na faɗi. Saura 'yan mintoci, yatsana ya ƙage, na makara wurin saki, motar ta fice daidai gabansa. Faɗuwa ɗaya ba ta isa ta hana mu kofi ba, muna da 'yar tazara. Babanku ya cafke ta tun kafin ta gama juyawa, ya dangwara ta a kan titi da saurin da ban san yana da shi ba. A shuɗin layi. Mutumin da ya shekara yana yi wa Alhaji Ɗanlami lacca a kan nutsuwa. Ina matsa kunama ba abin da ya motsa, ga motata can ta ɗauka a guje da yatsan ɗan Filifin, tasu tana biye da ita, su biyu a layi ɗaya kamar uwa da 'ya. Ta wuce ƙarƙashin allo aka rubuta musu. Alhaji Ɗanlami yana ihu, "Injiniya, ka sayar da mu!" Babanku ya bi motar da gudu yana zagaya teburi, kafin ya kamo ta ta sake kai musu wani zagayen. Aka busa. Khalas, an gama. Muka zo na huɗu. 'Yan Filifin suka zo suka yi wa babanku godiya ɗaya bayan ɗaya.

Hoton da ya isa Kano kuwa ba maƙiyi ne ya ɗauka ba, Alhaji Ɗanlami ne, don alfahari ya tura wa 'yan kasuwa, daga nan ya bazu. Hoton ya riga mu sauka. Gwaggonku ta fi shekara ba ta amsa gaisuwata sai da hanci, kuma akwai gidajen biki da na shiga na ji an yi shiru. Ya yi min ciwo, har yanzu in na tuna yana yi. Amma da za a mayar da ni ranar, abayar nan zan sake ɗauka.

Muka fito daga siton. Babanku ya tayar da mota muka kama hanya, ina tsoron kada abin ya mayar da shi baranda. Mun kai daidai bakin ruwan nan da jajayen tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suke tsayawa, sai na ji wani sauti kamar tari. Na duba, kafaɗunsa suna rawa. Ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kai a sitiyari, ya yi ta dariya har da hawaye, yana cewa, "Shuɗi, Ladi! Da hannuna!" Ni ma na fashe. Da ya lafa ya share ido ya ce yunwa yake ji, me na dafa. Na ce ban dafa komai ba, ina wurin aiki.

Muka tsaya a wani ɗan gidan abinci na 'yan Pakistan. Aka kawo gurasa da nama, na kai hannu, yatsan nan ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa, ko gurasar na kasa yagawa. Babanku ya jawo farantin gabansa, ya yi ta yayyaga min ƙanana yana turo min, a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba. Mai kawo abincin, wani dattijo mai jan gemu, ya tsaya yana kallonmu. Babanku ya nuna ni da haɓa, ya ce masa cikin Larabcinsa na kasuwa, "Wannan direbata ce. Awa shida muka yi a hanya." Mutumin ya gyaɗa kai cikin girmamawa ya tafi. Ba a jima ba ya dawo, ya wuce babanku, ya tsaya a gabana, ni da ban taɓa zama a bayan sitiyari ba tun da aka haife ni.

"Madam direba, motarku ta tare ƙofa. A ɗan matsar da ita."

Babanku ya laluba aljihu, ya ciro makulli, ya ajiye min a gefen faranti, ya ci gaba da cin namansa.